Kamiyon Tsinken Sakace

Duk wanda ya zauna unguwar Tahaggart ta garin Tamanrasset a 'yan shekarun nan ya san Mushe Abdulbaƙi. Ko bai san sunansa ba, ya san tafiyarsa: dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, kamar mai ɗauke da gugan da ba a gani. Mutumin Mirya ne, ta wajen Damagaram. Mahaifinsa maginin rumbu ne, irin wanda ake aikawa a kira daga ƙauyukan nesa idan kaka ta yi albarka. Shi kuwa lekkol aka sa shi, makarantar boko, ya yi karatu har ya zama mushe, wato malamin makaranta, a wani ƙauye inda ajin zana ne da rufin kara, iska ta kaɗa ta tafi da rabin darasi. Da zama ya ishe shi, sai ya bi ayarin samarin garinsu zuwa arewa.

A Tamanrasset, can ƙetaren iyaka, ba wanda ya tambayi takardar karatunsa. Abin da aka tambaye shi, ko zai iya ɗaukar bulo. Ya ce zai iya, ya kuwa ɗauka, a shantiyoyin gini na Sersouf, har ranar da katako ya karye da shi daga hawa na biyu. Allah ya yi da sauran kwana, amma kafaɗar ba ta koma daidai ba. Mai ɗori ya yi nasa, ya ce sauran na Allah ne.

A nan ne Alhaji Salifu ya shigo labarin. Ɗan kasuwa ne, mai kanti a Tahaggart, mutum mai son alheri muddin alherin ba zai tayar masa da ƙura ba. Yana da ɗaki a bayan kanti inda yake tara buhunan dabinon Abalessa. Unguwar kuwa cike take da 'ya'yan 'yan Nijar waɗanda iyayensu ba su da takardun zama, ba lekkol, sai yawo tsakanin lungu da bakin famfo. Alhaji ya sa aka tura buhunan gefe guda, ya miƙa wa Abdulbaƙi makulli.

"Ɗaki naka ne, Mushe," in ji shi. "Amma ka ji ni da kyau. Mu nan baƙi ne, baƙo kuwa ba ya son a san da shi. Ranar da magana ta fito daga ɗakin nan, ranar zan mayar da buhunana."

Ajin nan shi ya zama ran Abdulbaƙi. Yana koyar da baƙaƙe, da lissafi, da ɗan Faransanci, yara zaune a kan kwalaye suna shaƙar ƙamshin dabinon da aka hana su taɓawa. Ranar Alhamis kuma ya ware ta don aikin hannu, don ya ce yaron da bai taɓa yin abu da hannunsa ya tsaya da ƙafafunsa ba, bai san kansa ba. Sai dai aikin hannu da me? Takarda ba ta isa rubutu ba balle zane. Yumɓu babu, ƙasar garin tsakuwa ce. Karan dawa irin wanda suka yi mota da shi suna yara, a ina za a gan shi a gindin waɗannan baƙaƙen duwatsu?

Wata rana yana cin shinkafa a gidan abincin Balki, ya zaro tsinken sakace daga ɗan gwangwanin da ke kan tebur, ya kai shi baki, sai ya fasa. Ya juya shi, ya ɗauki na biyu, ya haɗa kawunansu. Balki ta ce, "Mushe, sakace za ka yi ko duba?" Bai ma ji ta ba.

Alhamis ta zagayo ya zo da ƙunshin tsinke sabo, da ƙaro da ya jiƙa a gwangwanin tumatir har ya yi kauri kamar zuma.

"Kowa ya ɗauki uku. Uku na ce, Mahamadu, ba itacen girki muke tarawa ba. To, duwatsun murhu nawa ne?"

"Uku!"

"Kun taɓa ganin tukunya ta faɗi daga kan murhu?"

"Ta Inna ta faɗi jiya," in ji wani ƙaramin, aji ya ɓarke da dariya.

"To, Innarka ce ta yi gaggawa, ba laifin murhu ba ne. Ku haɗa ukun baki da baki."

Ya nuna musu yadda ake datse tsinin da reza don kan ya zauna, yadda ake tsoma shi a ƙaro kaɗan kawai, ba a yi masa wanka ba. Ya sa su haɗa huɗu su tura da yatsa, abin ya karkace. Suka tura mai kusurwa uku, ya tsaya cak. Babbar wahalar ita ce haƙuri, don yaro yana liƙawa yake son saki. Sai ya samo dabara: idan ka haɗa, ka riƙe, ka karanta Ƙulhuwa ƙafa bakwai, sannan ka saki. Daga ranar, duk wanda ya bi ta bayan kantin Alhaji da la'asar ɗin Alhamis zai ji gunaguni kamar na ƙudan zuma, yara sun duƙufa a kan tsinke bakunansu na motsi.

Doka ɗaya ya kafa: ba a yin abu mai rai. Ya san mutanensa, bai son a ce ya koya wa 'ya'yan musulmi yin gumaka. Suka yi rumbu irin na mahaifinsa, suka yi gada, suka yi hasumiyar masallaci wadda ta karkata kamar kafaɗar mai koyarwar, yaran kuma ba su ɓoye masa kamar ba.

A cikinsu duka babu kamar Khalida. Shekarunta ba su fi goma ba, ba ta da yawan magana, amma yatsunta kamar an haife su da aikin. Mahaifinta Zakariya'u, kamen marasa takarda ya rutsa da shi a shantiye tun sanyin bara, aka zuba su a kamiyo, babbar motar nan mai keji a baya, aka nufi iyaka da su. Tun lokacin labari ɗaya aka samu, cewa an gan shi a Assamaka, bakin iyakar Nijar. Mahaifiyarta Rakiyatu ita ke wanke-wanke a gidan abincin Balki. Sauran yara suna gama abu su kai gida, a kwana biyu ƙannai su tattake. Khalida kuwa abu guda ta sa a gaba, tana yi tana ɓoyewa a bayan buhu. Da ya fara kama, Abdulbaƙi ya gane kamiyo ne. Ya buɗe baki zai ce ta yi wani abin, sai ya ga yadda ta lanƙwasa tsinken da ta jiƙa ta fitar da taya, ya ƙyale ta.

Tsinke dai ƙarewa yake. Da ƙunshinsa ya ƙare, wanda Alhaji ya ba shi sadaka ma ya ƙare, sai ya ce, "Alhamis mai zuwa kowa ya zo da tsinkensa." Haka kawai ya faɗa, ya juya yana goge allo.

Suka kuwa zo da shi, damtsi-damtsi, ɗaure da zare. Ya ga tsinken ba fari ba ne kamar sabo, ya ji wasu da ɗan danshi. Zuciyarsa ta ce masa ya tambaya. Amma aikin yana tafiya, aji ya cika, yaran da ke gudun lissafi ma suna zuwa saboda Alhamis. Bai tambaya ba.

Abin da ke faruwa shi ne, wace uwa ce za ta sayi tsinke don wasa? Yaran suka gano cewa ƙarƙashin bencinan Balki da wajen mai tsire tsinke ne zube, wanda aka yi sakace aka yar. Sai su tsince, su wanke a famfo, su shanya a rana. Khalida kuma mai zaɓe ce. Ta lura wasu mazan taune tsinke suke yi, wasu su karya, wasu kuwa su yar da shi lafiya lau. Don haka takan tsaya a gefen ƙofa, ta jira mutumin da ta sani ya gama, tsinken na faɗuwa ta ɗauke.

Cikin waɗanda take jira akwai Khamisu, wani magini ɗan Maraɗi, ƙato mai faɗin murya da son barkwanci, da ƙanensa Kabiru da suke ci a kwano ɗaya.

"Ke 'yar Zakari, me za ki yi da tsinkena? Miya za ki kaɗa?"

"Mushe ne ya ce mu kawo, Kawu."

"Ashe! Ki gaya wa Mushenku in yunwa yake ji ya zo a zuba masa, ba sai ya lashi tsinkenmu ba."

Aka yi dariya aka watse. Da abin ya tsaya nan, da babu labari.

Ba a jima ba kame ya sake faɗowa, ya tafi da Kabiru daga bakin titi, da kayan aikinsa a hannu. Cikin makon nan kuma muƙamuƙin Khamisu ya kumbura, kuncinsa ya yi suntum kamar ya ɓoye goruba, ba ci ba barci ba aiki. Mutumin da ke zaune a ƙasar wani, ba takarda, ba ɗan'uwa, ga ciwo, zuciyarsa ba ta rasa abin saƙawa. Masu zuwa gaishe shi suka taya shi. Wani ya tuna yarinyar da ke tsayawa a ƙofa. Wani ya ce ai shi ma ya ji ana gunaguni a bayan kantin Alhaji. Wani dattijo ya ce a garinsu da ƙasar sawu ake yi, da gashi, da farce, to yawun bakin mutum ai ya fi su duka kusa da rai. Me malamin boko zai yi da yawun mutane, har ya sa a zaɓo masa na wane da wane?

Ranar Alhamis, ana tsakar aiki, ƙofa ta buɗe ba sallama. Khamisu ne, ya naɗe haɓarsa da rawani, mutum huɗu ko biyar a bayansa. Abin da suka tarar kuwa shi ne abin da aka faɗa musu: yara a duƙe, kowa riƙe da tsinke, bakuna na motsi.

"Maraba, Khamisu, ya jiki?" in ji Abdulbaƙi.

Khamisu ya tako ciki. Idonsa ya riga ya faɗa kan abin da ke gaban Khalida. Ta gama shi a ranar. Kamiyo ne sak, da tayoyinsa, da madubin gefe, da kejin baya, har da ƙyauren da ake buɗewa a rufe. Duk namijin da ke tsaye a ƙofar nan ya san motar, wasu sun taɓa shiga, sauran suna mafarkinta.

"Ke," in ji shi, "ina tsinkena?"

Khalida ta ɗauka yabo ne ya zo. Fuskarta ta washe, abin da ba a saba gani ba.

"Ga naka nan, Kawu, duk ƙyauren baya naka ne. Naka sun fi na kowa kyau, ba ka taunawa."

"Na Kabiru fa?"

"Suna ciki."

Suka leƙa. A cikin kejin akwai tsinke guda-guda, a tsaye, an liƙa gindinsu, sun cika motar maƙil.

"Waɗannan na tsaye su wane ne?"

Ta dubi malaminta, ta sunkuyar da kai. "Ba kowa ba ne. Mushe ya hana yin mutane. Tsinke ne kawai."

Wani ya ce innalillahi. A lokacin ne Abdulbaƙi ya fahimci inda tsinken ke fitowa, ya kuma fahimci yadda abin yake a idon mai tsaye a ƙofa.

Kafin a kira magariba an taru a gaban kanti, maza a tsaye, mata a bakin lungu, Balki ta bar tukunyarta ta zo da ludayi a hannu. Abdulbaƙi ya yi bayani iyakar iyawarsa. Ya ce Ƙulhuwa ce yaran ke karantawa, don ƙaro ya kama. Aka ce ai dama da ayar Allah ake fakewa. Ya ce bai san tsinken na tsintuwa ba ne. Khamisu ya ce, "Ba ka sani ba? Kai da ka yi lekkol, ba ka san sabon tsinke da wanda ya shiga bakin mutum ba?" Gaskiya kuwa ya faɗa.

Alhaji Salifu ya ja shi gefe. "Ni ban yarda da wannan zance ba, Mushe, wallahi ban yarda ba. Amma mutanen nan su ke sayen kayana, kuma taro irin wannan idan ya daɗe, wasu ne za su zo su tambayi dalilinsa. Ko a kashe maganar yanzu a gabansu, ko ka ba ni makullina."

Aka fito da kayan duka aka jera a ƙasa, rumbu da gada da hasumiya da kamiyo. Wani saurayi ya ce a zuba musu kananzir.

"A ƙona?" Khamisu ya yi tsalle har rawaninsa ya kwance. "Da yawuna a jiki za a ƙona? So kuke in wayi gari gawayi? Kabiru fa, da yake cikin sahara?"

Aka yi ta ja-in-ja, sai dattijon nan ya yanke: abin da aka ɗaura warware shi ake yi, a wanke, kuma hannun da ya ɗaura shi zai warware. Balki ta aika aka kawo daro da ruwan ɗumi.

Abdulbaƙi ya durƙusa. Ya sa rumbun a ruwan, ya sa gadar, ya sa hasumiyar. Ƙaro ba ya jayayya da ruwa, nan da nan suka saki, tsinke ya taso yana yawo. Da ya zo kan kamiyon ya tsaya.

"Khamisu, don girman Allah. Yarinyar nan ta san naka ɗaya bayan ɗaya. Bari ta cire maka su, da na Kabiru, a bar mata sauran. Motar da ta ɗauki ubanta ce ta yi, ba ta kowa ba."

"Sauran na su wa? Ba na mutane ba ne? Sa shi, Mushe."

Ya waiga ya nemi Khalida. Tana tsaye jikin mahaifiyarta, ba ta kuka, kallonsa kawai take yi. Ya tuna sauran yaran, da lungu, da bakin famfo. Ya ɗaga kamiyon da hannu biyu, bai fi nauyin ƙwai ba, ya nutsa shi. Tayoyin ne suka fara miƙewa. Khamisu ya sa rariya ya tsame tsinken duka, ya ƙulle a tsumma, ya ce shi zai kai busasshen rafi ya binne da kansa.

Alhaji bai karɓi makulli ba. Ya ce a ci gaba, amma ba tsinke, ba ƙaro, ƙofa kuma a buɗe. Da sabon mako ya shigo, yaran da suka dawo ba su kai rabi ba. Khamisu kuwa, da ciwon ya ƙi sauƙi, aka kai shi wajen mai cire haƙori, aka fitar da wani ruɓaɓɓen turmi, kumburi ya saɓe. Unguwa ta ce, kun gani? Ana wankewa ya warke. Masu gaida Mushe a hanya suka koma ɗaga hannu daga nesa. Wasu suka daina ci a kwanon da Rakiyatu ta wanke, har Balki, tana hawaye tana rantsuwa ba son ranta ba ne, ta sallame ta. Rakiyatu ta kwashe 'ya'yanta ta koma Sersouf, wajen wata 'yar garinsu.

Abdulbaƙi ya daɗe yana shawara da kansa kafin ya je. Ya same su wata safiyar Juma'a a tsakar wani gida da ba a gama ginawa ba, Rakiyatu na tankaɗe, Khalida goye da ƙaninta tana wanke kwanoni. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba ta da komai a ciki. Ya ce ya zo ne a bar yarinya ta dawo, ko sau biyu a mako, shi zai riƙa zuwa ɗaukarta.

Rakiyatu ba ta ɗago ba. Khalida 'yar farinta ce, ba ta kama sunanta. "Ni ban hana ta ba, Mushe. Ga ta nan, tambaye ta."

Ya matsa ya tsuguna, kafaɗar tana masa zogi. "Khalida, mun kai rabawa a lissafi. Mahamadu ya ce sai kin zo za a gane."

Ta ci gaba da cuɗa kwano. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Mushe, da gaske ni na sa aka kama Kawu Kabiru?"

"A'a! Wa ya gaya miki? Tsinke ne da ƙaro, ba abin da suke iya yi wa kowa. Ba ki yi laifin komai ba."

Sai a lokacin ta ɗago.

"To me ya sa ka wanke?"

Ya buɗe baki. Yana da amsa, amsar manya, mai ɗaki da makulli da Alhaji a ciki, amma ya ga ba wadda za ta shiga kunnen yarinya ta fitar da abin da ya riga ya shiga ba ce. Ƙanin da ke bayanta ya fara kuka, ta miƙe tana jijjiga shi, ta shige ɗaki.

Rakiyatu ta ce ya gaida mutanen Tahaggart. Ya ce za su ji. Ya fito ya kama hanya a ƙasa, rana ta fara zafi, yana tafe yana tsara abin da zai ce mata in ya dawo Juma'a mai zuwa, har ya iso gida bai samu ba.